Akwatin da Hilmi Ya Buɗe a Cikin Rana

Akwai wani mutum a Iskandariyya ta ƙasar Masar, Ustaz Hilmi, mai yanke wa tsofaffin kyamarorin fim farashi kafin a kai su gwanjo. Ya san aikinsa, wannan ba gardama. Amma girman kai, kai jama'a! Sai ka gaishe shi ya tsaya kallon kyamarar da ke hannunka.

Wata rana da hantsi wata tsohuwa, Sitt Nazik, ta shigo da kyamarar katako irin wadda ake juyawa da hannu. Ta mahaifinta ce.

"Ka sayar min da ita, Ustaz," in ji ta. "Amma ɗan akwatin nan na samanta, a cire min shi a ɗaki mai duhu. Akwai fim a ciki da ba a wanke ba. Mahaifiyata ce. Babana ya ɗauke ta kwana uku kafin ta rasu wajen haihuwata, ya kasa wankewa har ya koma ga Allah. Ban taɓa ganin fuskarta ba."

Hilmi ya yi dariya. "Haba Hajiya! Fim ɗin shekara tamanin? Ai ya daɗe da zama gari."

"Kai dai kar haske ya taɓa shi."

Ya ce to, to. Amma ya san kyamara da akwatinta na asali ta fi tsada ninki biyu, sai ya bar shi a manne.

Kwana biyar kyamarar ta yi a shagonsa. Da rana tsaka yana cin wake da burodi, sai ya ji ƙarar juyawa a bayansa, ƙir… ƙir… ƙir. Ya waiga, hannun kyamarar a tsaye cak. Ya juyar da idonta wajen bango, ya je la'asar ya dawo, ya same ta tana kallon kujerarsa. Bai dai gaya wa kowa ba.

Ranar gwanjo masu tara irin waɗannan kaya suka zo har daga Alƙahira da Bairut. Farashi ya haura fam dubu ɗari huɗu. Sai wani Dakta Wagdi ya ɗaga murya.

"Ustaz, wa ya sani ko wani kafinta ne ya haɗa akwatin nan bara? Ko idon naka ya fara tsufa ne?"

Aka kwashe da dariya. Hilmi ya ji kamar an mare shi. Tambarin maƙerin yana cikin akwatin, buɗewa ɗaya za ta rufe bakin kowa.

Sitt Nazik ta miƙe daga kujerar baya. "Ustaz, don girman Allah!"

Ya ji ta sarai. Ya buɗe.

Rana ce tar ta taga, ta faɗa kan fim ɗin a naɗe, lafiyayye, ko tsagewa babu. Duk wanda ke ɗakin ya san abin da haske ke yi wa fim da ba a wanke ba: goge hoton yake yi gaba ɗaya. Tsohuwar ba ta yi kuka ba, ta ɗauki sandarta ta fita.

Da Hilmi ya ɗago kai, wallahi babu fuska ko ɗaya a ɗakin. Ga riguna, ga hannaye, amma inda fuska take sai fari fat.

Ya ruga gida. 'Yarsa ta buɗe ƙofa tana cewa "Baba, lafiya?" Muryar tata ce, fuskar babu. Hoton mahaifiyarsa da ke bango, shi ma haka. Likitoci uku suka duba shi, suka ce idonsa garau.

Bayan wata biyu ya nemo gidan Sitt Nazik, ya durƙusa a bakin ƙofa yana kuka.

"Baiwar Allah, Hajiya nake nema. Tana ciki?"

"Ni ce a gabanka, Ustaz."

"Ki yafe min. Wata biyu ban ga fuskar 'yata ba."

Ta dogara a kan sandarta, ta ce:

"Na yafe. Amma kai ka taɓa ganin ta, kana da abin tunawa. Ni fa?"

Ta rufe ƙofarta a hankali.

Darasi: Kada girman kai ya sa ka ci amanar wanda ya yarda da kai don kawai a ce ka iya. Akwai ɓarnar da ko an yafe maka ba ta gyaruwa. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.