Ranar da Haƙorin Baban Hye-rin Ya Gamu da Hodu

Akwai wani dattijo a kasuwarmu ta bakin teku a Tongyeong, sunansa Pyo Deok-su, mai sayar da busassun ƙananan kifi. Mutumin kirki ne, amma in ya fara cika baki, kifin da ke cikin kwando ma sai ya so ya toshe kunne.

Haƙorinsa na gaba ya yi baƙi tun wata faɗuwa da ya yi a jirgin kamun kifi. Shekara ashirin bai damu ba. Sai da 'yarsa tilo, Hye-rin, ta ce iyayen saurayinta za su zo daga Seoul a ga juna.

"Baba, abu ɗaya nake roƙo," in ji ta. "Ka gyara haƙorin nan. So nake ka yi dariya a hoto, ba ka damƙe baki kamar wanda ya saci nama ba."

Ya tafi wajen Likita Ok, wata 'yar tsamurmurar tsohuwa da ke da asibitin haƙori a saman kantin magani. Ta goge haƙorin, ta auna, bayan mako guda ta ɗora masa hula ta tangaran, fara sol, ba mai bambance ta da sauran.

"Mai kanti Pyo, ka saurare ni," ta ce. "Wannan za ta yi maka shekara goma sha biyar in ka bar ta ta yi aikinta. Amma ban da ƙashi, ban da ƙanƙara, ban da buɗe kwalba."

"Haba Likita! Na gani a waya, an taka irinta da mota ba ta fashe ba."

"Waccan mai kauri ce, a kwance aka taka ta. Taka siririya ce, kuma a kan ragowar mataccen haƙori take zaune. Tangaran yana jure danni, ba ya jure gigi."

Ya ce to. Amma yana sauka kasuwa ya ƙanƙance murya, ya ɗaga yatsa, ya shiga kwaikwayonta: "Ban da ƙashi, ban da ƙanƙara, ban da numfashi!" Aka yi ta dariya. Daga ranar, ko farashi ka tambaye shi sai ya fara yage baki, rana ta haska, sannan ya amsa.

To, ranar ganin surukai ta faɗo daidai da cikar watan farko na shekara, wato ranar sha biyar ga wata, kuma Lahadi ce. Kun san al'adar: da sassafe kowa ya fasa ƙwallo da haƙori, don haƙora su yi ƙarfi, ƙuraje kuma su yi nesa da shi har shekara ta zagayo. Masu hankali gyaɗa suke fasawa.

Abokinsa Man-sik, mai ganyen teku, ya zube gyaɗa a faranti, ya ajiye hodu guda uku a gefe don ado. Hodu dai ƙwallon wata bishiya ne da ake cin cikinsa kamar gyaɗa, ɓawonsa kamar tsakuwa.

"Yaya, ga gyaɗarka," in ji Man-sik. "Ka ci a hankali, kar Likita ta zane ka."

"Gyaɗa? Ni? Ba ni hodu."

"Yaya, ƙarfe sha biyu kake da baƙi fa."

"Wannan haƙorin mota ta taka shi, yaro. Matsa!"

Da a turamen haƙoransa na can ciki ya sa ƙwallon, wataƙila da sauƙi. Amma ina amfanin bajinta in ba a ga sabon haƙori ba? A gaba ya ɗora shi, ya waiga ya tabbatar kowa na kallo, ya danna.

Ƙas!

Man-sik ya fara tafi. Sai Baban Hye-rin ya tofa abin a tafin hannunsa. Hodu na nan lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Kusa da shi ga farin tangaran gida biyu. A bakinsa kuwa ba abin da ya rage sai ɗan guntun baƙin kututture kamar ƙwayar shinkafa.

Ya isa gida hannu a baki. Matarsa Geum-ja tana gugar rigarsa, ta ɗago ta dube shi sau ɗaya.

"Buɗe."

Ya buɗe.

"Gaishe ni yadda za ka gaishe su."

"Shanunku da juwa."

"Shanun wa? Mutanen Seoul za ka tara ka ce musu shanu? Baban Hye-rin, yarinyar nan wata uku tana shirin yau. Tana wajen gyaran gashi yanzu, ba ta san uban nata ya je dambe da ƙwallo ba."

Ya zauna jagwab. 

Geum-ja ce ta ja shi har ƙofar gidan Likita Ok. Suka same ta da ludayi a hannu, tana dafa wa jikokinta shinkafar bikin. Labarin kwaikwayon da ya yi mata ya daɗe da isa kunnenta, kasuwa ba ta riƙe sirri.

Ta leƙa bakin, ta ce, "Ashe ka yi numfashi."

Ya sunkuyar da kai. "Likita, ki yi haƙuri. Ba don ni ba, don yarinyar."

Ta ajiye ludayin, ta ɗauki makulli.

A asibiti ta ɗauki hoton haƙorin, ta daɗe tana dubawa. "Ka taki sa'a, saiwar ba ta tsage ba. Da ta tsage, sai cirewa." Cikin minti arba'in ta haɗa masa hular wucin gadi ta roba, ta manna. "Wannan ta murmushi ce kawai. Ko tuffa ta gani za ta gudu."

Da zai fita ta buɗe aljihun tebur, ta miƙa masa wata 'yar gudumar katako. "Ta jikana ce. Shekararsa biyar, amma ya fi ka sanin abin da ake fasa hodu da shi."

Ƙarfe sha biyu suna gidan abinci. Aka jera haƙarƙarin bijimi mai ƙamshi, Baban Hye-rin ya kau da kai, ya rungumi kunun kabewa. Gaisuwa ta fita daidai, ba a ambaci shanun kowa ba. Hye-rin sai kallonsa take tana murmushi.

Ana cikin haka uban saurayin ya ɗauko wani ƙunshi mai kyau. "Tun da yau cikar wata ce, mun zo muku da ɗan abin al'ada." Ya kwance. Hodu ne, manya manya. "Babban gida shi zai fara."

Geum-ja ta taka ƙafar mijinta a ƙarƙashin tebur har sai da ya ga taurari.

Baban Hye-rin ya dubi hodu, hodu ya dube shi. Sai ya sa hannu a aljihun kwat, ya zaro 'yar guduma, ya ɗora ƙwallon a faranti, ƙwas, ya rabe biyu.

"Haƙori na murmushi ne," ya ce, "guduma ta fasawa."

Surukin ya tuntsire da dariya, ya ɗage leɓensa ya nuna nasa haƙorin na gaba. "Wannan hular ta uku ke nan. Ina ma na haɗu da kai tun bara waccan! Ara mini gudumar."

A hoton da aka ɗauka ranar, iyayen maza biyu ne suka fi kowa yage baki. Gudumar tana nan rataye a kantinsa, kusa da sikeli. In ka tambaya, zai ce maka shi ya ƙirƙiro dabarar.

Darasi: Komai ƙarfin abu, yana da iyakar aikin da aka yi shi dominsa, kuma wanda ya san sana'arsa ya fi abin da ka gani a waya sanin wannan iyakar. Kar ka yi wa mai ba ka shawara ba'a, wataƙila ƙofarsa za ka buga ranar da abin ya fashe. Ku tura wa duk wanda kuka san yana buɗe kwalba da haƙori, tun kafin ya fara gaishe da mutane da shanu.