Dalilin da Ya Sa Mai Tumbi Yake da Rariya a Baki

Dalilin da ya sa ƙaton kifin nan na teku, wanda ake kira wel, ba shi da haƙori ko ɗaya sai rariya a baki, ni zan gaya muku, don shekara tara na yi ina kuku a jirgin masunta can ƙarshen duniya, inda ruwa ke daskarewa ya zama dutse. Ke Lantana, cire hannunki daga kwandon nan! Irin gyaɗa ne, na shuka. Zauna, da ke nake.

A wancan teku abincin kowa ɗaya ne, wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande jajaye, ba su kai ƙaramin yatsana ba. Su kifi ke ci, su tsuntsu ke ci. To a da can, ƙaton kifin nan, Mai Tumbi ake ce masa, haƙoransa ɗari huɗu ne, kowanne kamar turmi. In ya buɗe baki sai ya kwashi ruwa da jatan lande da 'ya'yansu da ƙwansu, har da ƙanƙarar da ke kusa, ya taune gurus-gurus. Kafin a ankara teku ta yi fayau, sai ka yi yini kana iyo ba ka ga ja ba.

Akwai wata tsuntsuwar ƙanƙara, irin masu baƙar riga da farin ƙirji, sunanta Gwaggo Tabawa. Ƙwai ɗaya take yi a shekara. 'Ya'ya uku yunwa ta kashe mata a jere, ga na huɗun, Auta, ya kwanta ko kuka ba ya iyawa. Wallahi duk sanda na zo nan sai tausayinta ya kama ni.

Ta je ta sami Mai Tumbi ta ce, "Ranka ya daɗe, ko manomi ba ya cin iri. Ka riƙa barin ƙananan su girma mana."

Ya ce, "Wa ya taɓa noma a kan ƙanƙara? Matsa, kar in haɗa da ke."

Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Taunar ƙanƙara ta sa masa ciwon haƙori, ya yi ta birgima yana ihu har duwatsun ƙanƙara na tsagewa. Kuma duk tekun nan Gwaggo Tabawa kaɗai ke da awartaki, gadon kakanta wanzami. Dole ya zo da kansa.

Ta leƙa bakin, ta ga ruɓaɓɓen haƙorin can ƙurya, baƙi ƙirin. Sai ta ce, "Ranka ya daɗe, wanne ne?"

Ya ce, "Ina na sani? Duk bakin ke ciwo!"

Ta ce, "To bari mu faro daga gaba."

Ta danƙi wani lafiyayye, ta ja, ɓurum! "Ya daina?" "Bai daina ba!" Ta cire na biyu. "Yanzu fa?" "Wayyo, yana nan!" Haka suka yi ta yi, ɗari uku da casa'in da tara, sannan ta cire mai ciwon. Garin ja ne ƙugunta ya goce, shi ya sa jikokinta ke tafiya suna rangaji.

Ciwo ya tafi, Mai Tumbi ya yi godiya, ya nufi kiwo. Ya kamfaci ruwa, ya rufe baki, sai komai ya zubo ta dasashi, yuuu, har abincin. Ya sake, haka. Kwana bakwai bai haɗiyi komai ba, ya dawo a rame yana haki.

Ya ce, "Gwaggo, yunwa za ta kashe ni."

Yau kuma ita ce Gwaggo! Ta ce, "Ashe ka san sunan yunwa. Zo ka ga Auta, shi wata guda ke nan."

Ya ɗago kai ya dubi ɗan tsuntsun, fata da ƙashi. Kunya ta kama shi.

Sai ta shiga ɗaki ta ɗauko rariyar tankaɗe ta kayan aurenta, sabuwa ful, don tun da aka kawo ta ba ta taɓa ganin gari a ƙasar nan ba. Ta ce, "Zan kafa maka wannan. Abin da ya tsaya a ciki naka ne. Abin da ya bi ta huda iri ne, ba ka binsa, ba ka waiwayarsa. Ka yarda?"

Ya ce, "In ban ƙoshi ba fa?"

Ta ce, "Sai ka kwana da sauran yunwa kamar kowa."

Ya yarda. Ta kafa masa ita daram. Ya kamfaci ruwa ya tace, manya suka tsaya, ƙanana suka fice. Lomar farko bai haɗiye ba, ya kawo wa Auta. Auta ya ci, ya buɗe ido, ya yi kuka, uwar ma ta fashe da kukan murna. Da shekara ta zagayo teku ta koma ja wur.

Shi ya sa har yau mai bakin da ya fi na kowa girma a duniya yake tace abincinsa yana barin iri. Shi ya sa kuma in jirgin masunta ya iso, za ku ga jikokin Tabawa sun yi sahu a bakin ƙanƙara suna leƙen bakin mutane. Jirgin da tarunsa ke da manyan hudoji, ya ɗebi kaɗan ya tafi, ba ruwansu da shi. Mu kuwa namu tarun kamar gidan sauro yake, ko ƙwai ba ya tsira, kuma ni ne mai soyawa.

Lantana, matso ki leƙa bakina. Haƙori nawa kika gani? Ko ɗaya, ko? Aikin jikokin Tabawa ke nan. Yawwa. To mayar da gyaɗar nan cikin kwando.