Yatsu Goma da Mabuɗi Ɗaya

Ku gyara zama, ga wata shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi daga tabarmar nan sai ya faɗi nasa hukuncin.

A Kakuri ta Kaduna an yi wani dattijo, Malam Tanimu, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana aiki da injin sassaƙa ƙarfe a wata masaƙa. A ɗaure dunƙulen ƙarfe a kan teburin injin, teburin ya yi ta kai da komowa ƙarƙashin wuƙa mai juyawa, har giyar inji ta fito da haƙoranta cif. A wancan zamanin da wata doguwar takarda mai huji-huji ake ba injin umarni. Abokan aikinsa kuwa, da wuya ka sami wanda bai bar yatsa ɗaya ko biyu a masaƙar ba. Shi ya fito da goma lafiya lau, kuma ya ishi jama'a da zancen. Ko gaisawa za ku yi sai ya ware su ka gani.

Da masaƙar ta durƙushe aka sayar da injunan a kilo, ya sayi nasa ya kai shagonsa. Ba a rufa shekara biyu ba ƙwaƙwalwar injin ta ƙone, motocin lantarkin da ke tura teburin suka bi bayanta. Shekara tara injin yana tsaye shiru. Amma kullum Malam Tanimu sai ya kama mariƙin ƙarfen da ke gefen teburin, ya murɗa shi da hannu, ya shafe hanyar teburin da mai don kada tsatsa ta kama. Yana son injin nan so na gaske, har matarsa takan ce da inji na cin tuwo da shi za a fara zuba wa.

Da ya ji ƙarfi na raguwa, ya tara 'ya'yansa uku: Ɗahiru babba, makanike ne, Iliyasu mai aikin wayar wuta, sai autarsu Saude, wadda ta karanci sarrafa injuna da kwamfuta. Ya ɗaga mabuɗin shagon ya ce, "Wanda ya tayar mini da injin nan a cikinku, shi zan danƙa wa wannan ina da raina. Shagon ba zai rabu uku ba."

Ɗahiru ya fara. Ya kwance injin ƙasa-ƙasa, ya canza dogayen sandunan sukurun da suka cinye, ya zauna da magagari ya gyara wa sababbin motocin mazauni, domin tsofaffin ramukan ba su yi daidai da su ba. Wata uku yana fama, inda kuskuren da bai kai kaurin gashi ba zai iya ɓata aikin duka. Da ya gama sai ya sa sifana zai cire mariƙin nan, don ya san sababbin motocin suna da gudu, za su riƙa juya shi kamar fanka. Malam Tanimu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba Ɗahiru, in ka cire wannan da me zan riƙa gaisawa da shi?" Ɗahiru ya dubi fuskar uban, ya ajiye sifana. Ya ce a ransa zai cire ranar da Baba ya tafi ƙauye.

Iliyasu ya karɓa. Wayoyi sun fi ɗari biyu, ɓeraye sun ci rabi, takardar da ke nuna hanyarsu kuwa ta ɓace tun a masaƙa. Ɗaya bayan ɗaya ya bi su, ya kafa sabon akwatin sarrafawa a ɓangaren dama, da sabon jan maɓallin da ake bugawa inji ya tsaya cak in an shiga haɗari. Tsohon jan maɓallin yana hagu, tafin hannun uban ya goge shi har yana ƙyalli. Malam Tanimu ya ce a bar masa shi a wurinsa, Iliyasu ya ce to. Haɗa shi da sabon akwatin yana buƙatar wani ɗan kayan wuta da babu a Kaduna, sai ya aika Legas, ya zauna jira. Bai rufe maɓallin da ko tsumma ba, bai kuma ce wa kowa a mace yake ba.

Sai Saude. Ita ta koya wa sabuwar ƙwaƙwalwar tsawon kowace tafiya ta teburin, da inda zai yi gudu da inda zai lallaɓa. Ba don ita ba, da aikin yayyenta tarin ƙarfe ne da waya. Abin da ya fi ba ta wahala shi ne ɗauke wuta: da an ɗauke sai injin ya manta inda yake, aiki ya lalace. Sai ta tsara shi yadda da zarar wuta ta dawo zai ruga da kansa ya koma mafarinsa, ba sai an taɓa komai ba. Ta san dole Baba ya ji wannan. Ta same shi a ƙofar shago cikin abokansa, ta durƙusa ta fara bayani, ya katse ta yana dariya: "Saude, injin nan na san shi tun kafin in san uwarki." Dattawa suka kwashe da dariya. Kunya ta kama ta, ta haɗiye sauran maganar.

Ranar Laraba injin ya tashi. Giyar da a da take cin yini guda, ya fitar da ita kafin shayi ya huce. Malam Tanimu ya yi kuka ba ɓoyo. Nan take 'ya'yan suka fara musu, kowa na cewa ba don shi ba da ba a yi ba. Uban ya ce su bari sai bayan sallar Juma'a, su taru a gida.

Ranar Juma'a tun safe babu wuta. Da aka sauko daga masallaci, Malam Tanimu ya ce bari ya biya shago ya shafa wa injin mai, karo na ƙarshe yana mai shi. Babbar riga ce a jikinsa. Mutumin nan bai taɓa kusantar inji mai aiki da riga mai faɗi ba, ya sha korar ma'aikata a kan haka. Amma ai babu wuta. Ya kama mariƙin da hannun dama, ya fara murɗawa.

Sai aka kawo wuta.

Teburin ya zabura, mariƙin ya fizge, ya naɗe rigar, ya ja hannun ciki. Malam Tanimu bai ruɗe ba. Hannunsa na hagu ya tafi inda ya saba zuwa shekara talatin da ɗaya, ya bugi tsohon jan maɓallin. Ya buga sau uku. Sai da mai walda na maƙwabta ya ji ihu ya sheƙo ya kashe wutar shagon gaba ɗaya. A asibiti aka yanke hannun daga saman gwiwar hannu, aka naɗe shi a farin ƙyalle, Ɗahiru ya kai maƙabarta.

Da Malam Tanimu ya farfaɗo ya tarar da su ukun a gefen gado. Waɗanda shekaranjiya ke rigima a kan mabuɗi, yau ba mai son ganinsa.

Ɗahiru ya ce, "Baba, ni ne. Da na cire mariƙin, babu abin da zai kama rigarka."

Iliyasu ya ce, "A'a Yaya. Da maɓallin na aiki, da rigar kawai za a yi asara."

Saude ta kasa ɗaga kai. Ta ce, "Da na ƙarasa maganata, Baba, ko kusa da shi ba za ka je ba."

Malam Tanimu ya daɗe yana kallon yatsu biyar ɗin da suka rage masa. Baƙin ciki ya cika shi, ba na hannun kaɗai ba, har da sanin cewa bakinsa ne ya hana kowannensu yin abin da ya sani daidai ne. Ya ce, "Nawa laifin na biya, kun binne shi da kanku. Wanda ya tayar da injin kuwa, ban iya raba ku ba. Don haka wanda ya fi laifi a cikinku shi zan ba mabuɗin, domin shi ne har ya mutu ba zai ƙara jin nauyin babba a gaban inji ba."

Yau wata huɗu ke nan mabuɗin yana ƙarƙashin matashinsa. Ya juya maganar ya juya, ya kasa yankewa. Shagon yana kulle, ba mai shafa mai, tsatsa ta fara hawa teburin.

To, ku da kuka ji komai: tsakanin wanda ya bar mariƙin, da wanda ya bar mataccen maɓalli, da wadda ta haɗiye maganarta, wa Malam Tanimu zai miƙa wa mabuɗin da hannun da ya rage masa?