Ɗinkin da Malam Kalilu ya zaci nasa ne

Akwai wani tela a Badariya, cikin Birnin Kebbi, ana ce masa Malam Kalilu. A zamaninsa har daga Argungu ake kawo masa shadda. Shekaru suka ja, ido ya fara hazo, amma gogan naka bai yarda ba. In ka ce ya nemi tabarau, ranar kun ɓata.

"Ni ko idona rufe ina ɗinka babbar riga," in ji shi.

A zauren gidansa yake aiki. Kullum in ya fita La'asar, sai ya zauna hira a ƙofar masallaci har Magariba, yana ba da labarin gwanintarsa.

Bara da damina Allah ya yi wa matarsa Rauda rasuwa.

Bayan arba'in ya koma kan keke. Mako bai cika ba, Irimiya, wani malamin makaranta wanda ya shekara ashirin yana kawo masa ɗinki, ya dawo da kaftani, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Wasu biyu suka biyo baya. Malam Kalilu ya ga sunansa zai zube, ya hau zagin keke da zare.

'Yarsa Hamida ta durƙusa a bakin zaure.

"Baba, ka yi haƙuri, keken ga lahiya lau yake. Shekara shida ke nan, in ka tahi La'asar, Inna ka hitowa ta warware abin da ka ɗinka, ta sake shi."

"Ke! Don mi ba ta hwaɗa min ba?"

"Cewa ta yi in ka sani ba ka ƙara hawan keke, ita ko ba ta iya ganinka zaune zugum."

Hawaye suka riƙa bin gemun Malam Kalilu. Bai damu da ido ba, bai damu da suna ba. Yammaci ɗaya kawai yake so a mayar masa, ya dawo da wuri ya iske ta a kan keken, ya ce mata sannu.

Darasi: Wannan shi ake kira ruɗin kai, mutum ya riƙa ganin kansa yadda yake so, ba yadda yake ba. Duba da kyau, wataƙila wani ne ke rufa maka asiri. Gode masa tun yana iya jinka. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta.