Yatsan Ƙarfen da Barnaba Ya Ƙera

Akwai wani mutum, Habila sunansa, yana aiki a wata masana'anta inda ake ɗura man gyaɗa a kwalabe. Aikinsa tsaron wani babban kwanon ƙarfe ne mai karkarwa. A ciki ake juye murafen kwalabe, karkarwar kuwa takan sa su bi wata 'yar hanya da ta nannaɗe bangon kwanon, ɗaya bayan ɗaya, suna hawa har baki. Daga nan inji ya ɗauka ya danna wa kwalba.

Dab da bakin akwai wani ƙarfe siriri kamar yatsa. Murfin da ya zo a kife, yadda zai zauna wa kwalba daidai, sai ya wuce. Wanda ya zo baki sama, yatsan ya ture shi ya faɗa gindin kwanon, ya sake hawa daga farko. Barnaba, yayan Habila, shi ya ƙera yatsan nan, shi ne kuma ya nema wa ƙanensa aikin. Ana nan sai Barnaba ya kwanta ciwo, kwana shida aka binne shi. Ya bar 'ya'ya uku a hannun Habila.

Tun daga ranar, Habila yakan zo aiki da jiki kawai. Ya tsaya, kwano yana rawa, shi yana kallo. Murafen suka daina zuwa da sauri, kwalabe suna jira baki buɗe. Shugaban aiki ya yi masa ta'aziyya sau ɗaya, ya yi gargaɗi sau biyu, a na uku ya ce in Juma'a ta yi ba a ga canji ba, zai sa wani a wurin.

Ran Alhamis da hantsi Habila ya zuba wa murfi guda ido. Ya hau, ya hau, ya kai baki, yatsan ya ture shi. Ya sake hawa, aka sake ture shi. Sai wata gajiya ta sauko wa Habila har cikin ƙashi. Ya ce a ransa, abu ya sha wannan tafiya duka, sai ya ga ƙofa a mai da shi baya? Ai yatsan nan ne yake cinye lokacin. Ya ɗauki filaya ya lanƙwasa shi gefe.

Murafe suka kwararo, mai kyau da marar kyau. Na farkon da ya zo baki sama, injin ya danna shi da duk ƙarfinsa. Murfin ya tsage, kwalbar ta fashe, ta bayanta ma haka. Kafin a kashe wuta mai ya malale har ƙarƙashin takalman mutane. Shugaban bai ɗaga murya ba. Ya ce hannun da ya lanƙwasa yatsan shi zai miƙe shi, kafin a tashi aiki, in ba haka ba kada Habila ya dawo gobe.

Akwai wata dattijuwa mai jera kwalabe a kwali, ana ce mata Mama Rifkatu. Ta zo da tsumma ta shafa hanyar kwanon, ta nuna masa. Tsumman ya yi baƙi da maiƙo da ƙura.

Ta ce, “Ɗana, kai da ka ga akuya tana ɗingishi sai ka rushe garken? Yayanka kowace safiya yakan goge hanyar nan kafin ya gaishe ni ma. Santsi ne ya hana murafen hawa.”

Ya ce, “Mama, na gaji da ganinsu suna faɗuwa.”

“Ina suke faɗawa? A ƙasa ka taɓa tsintar ɗaya?”

Bai taɓa ba. Ya karɓi tsumman, ya goge hanyar. Sa'an nan ya zauna da yatsan, ya miƙe kaɗan ya gwada, ya ƙara kaɗan ya gwada, har la'asar sakaliya. Yatsan bai zauna kamar yadda Barnaba ya bar shi ba, amma ya tsare ƙofar. Shugaban ya tsaya ya ga kwali goma sun cika lafiya, ya ce masa sai da safe.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Murafen mu ne, kwanon kuwa hannun Ubangiji ne. Wasunmu sun yi addu'a sun kai har baki, aka mai da su. Wasu sun ɗauka kukan rashi ya ƙare, sai waƙa ɗaya a sujada ta komar da su gindin kwanon. A irin ranar nan zuciya takan ce a kawar da duk abin da yake tsare mu, mu wuce yadda muke, a kife ko baki sama. Amma wanda ya wuce kafin ya daidaita, nauyin da ke gaba fasa shi zai yi, ya fasa na kusa da shi.

Ba na ce hawan yana da daɗi ba. Ƙafa tana ciwo, hanyar kuma ita ce dai ta jiya. Sai dai wanda aka mayar ba yar da shi aka yi ba, yana nan a ciki. In kun gaji a makon nan, ku bar yatsan inda yake. Ku duba abin da kuka daina yi da safe, ku ɗauki tsumma.