Mama Tela a Wurin Gwajin Ido

Akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Mama Tela, mai ɗinka kayan jarirai a ɗakinta. Shekara arba'in ta yi da mijinta. Yana son ta ƙwarai, har takalmi shi yake zaɓar mata, ita kuwa kullum amsarta ɗaya: duk yadda ka ce.

Bayan rasuwarsa ta fara gani dishi-dishi. Sau biyu allura na shiga yatsanta. Babbar 'yarta ta ce in ba a yi tabarau ba za ta ɗauke keken ɗinkin, don ba a ɗinki da lalube.

A asibiti likitar ta sa mata gilashi, ta canza wani, ta tambaye ta wanne ya fi. Mama ta rikice, ta juya tana kallon 'yarta.

"Mama, ni kike kallo? Idona ne a fuskarki?"

Kunya ta kama ta. Ga layi a waje, ga likita ta gaji. Sai ta ce duk sun yi, Allah ya yi albarka.

Da tabarau ya zo, ƙasa ta riƙa gudu a gabanta, kafar allura ta zama biyu. Kwana uku kanta na sara. Amma ba idon ne ya fi damun ta ba. Shuɗayen atamfofin da suka cika akwatinta, ita ke son su ko marigayi? Shayi fa, da madara take so ko baƙi? Ta lalubi amsa ta rasa.

'Yarta ta ce ƙarshen mako za a zo ɗaukar keken. Mama ta ja mayafi ta koma asibitin ita kaɗai.

Likitar ta sake sa mata gilashi. "Wannan ko wannan, Mama?"

"Ban sani ba, 'yar nan. Ban saba ba ne."

Likitar ta ajiye biro, ta ce yau ba ta sauri. Suka yi ta gwadawa. Duk lokacin da Mama ta ce a'a sai ta haɗa da ban haƙuri. Can sai ta riƙe hannun likitar.

"Tsaya. Wannan. Kar ki taɓa shi."

Ranar da 'yarta ta zo, a gabanta Mama ta sa sabon tabarau, ta zura zare a allura bugu ɗaya, ta ce keke ba inda za shi.

"Kuma ki cire min labulen nan. Ina jin ban taɓa son sa ba."

"Kina ji, ko kin tabbata?"

"Ke dai cire, in gani."

Darasi: Ko mai ƙaunarki ba zai iya gani da idonki ba, kuma shekaru ba sa hana mutum fara sanin abin da yake so. Ki tura wa wadda kika san ta daɗe tana cewa "duk ɗaya ne".