Rumbun da Aka Cika da Kara

Ran Talata da hantsi, bayan an kai amfanin gona gida, wani mai arziki ya aiki wakilinsa ƙauyen da manoma suka ci bashinsa na taki. Wakilin ya tsaya a dandali ya ce, "Damina ta yi gardama bana. Duk wanda dawarsa ba ta kai dami ashirin ba, an yafe masa. Wanda ya kai, yana da halin biya, sai ya biya."

A cikinsu akwai wani manomi da ya jinginar da gonar gadonsa a kan bashin nan. Dami tara kaɗai ya samu. Amma don kada maƙwabta su gane, ya cusa kara a cikin rumbunsa har kusa da baki, ya jera dawar a bisa.

Da wakili ya zo duba rumbun, ya hau ya leƙa, ya ce, "Madalla! Wannan ya fi dami arba'in. Kai kam ba ka ciki."

Mutane suka zuba wa manomin ido. Matarsa ta ce, "Baban Tabita, da kara zan tuƙa tuwo? Gaya masa."

"Ke, a gaban jama'a?"

"Jama'ar ce za ta ba ka wata gona?"

Sai ya tuɓe rigarsa ya hau rumbun, ya sauke dawar, ya shiga watso kara ƙasa. Wani maƙwabcinsa ya tuntsire da dariya ya ce, "Ashe kai ma? Wakili, in ka gama, zo ka sake leƙa nawa."

'Yan'uwa, ga abin da misalin yake koya mana. Mai arzikin nan Ubangiji ne, bashin kuwa zunubinmu ne. Gafararsa ta wanda ya kasa ce, ya kuma yarda ya kasa. Karan shi ne abin da muke jerawa don mutane su ce muna lafiya: doguwar addu'a a gaban ikilisiya, da "sai godiya" alhali zuciya ba kome a ciki. Muna kiransa rufin asiri, amma muddin rumbunmu ya nuna a cike yake, mu da kanmu muke fid da kanmu daga cikin waɗanda aka yafe wa. Ubangiji ba ya ƙyamar dami tara. Ku kawo masa yadda yake.

Manomin nan kuwa, wakili ya ƙirga dawarsa, ya mayar masa da takardar gonarsa kafin rana ta yi tsaka.